Maganar Inshorar Motar Haya, da Wanda Zai Ɗauki Jinin Wanda Aka Buge

Muna roƙon manya gafara tun da fari, domin maganar da za mu shiga ta fi ƙarfin yaro, ga shi kuwa cikin Kumasin nan akwai waɗanda suka buɗe littafi tun ba a haife mu ba. Amma abin ya zo har ƙofar makarantarmu, ba mu ga halin yin shiru ba.

Bara, wajen ƙarshen damina, mahaifin wani almajirinmu ya zo ya same mu bayan sallar la'asar, idonsa ja wur. Mutumin kirki ne, ba ya rasa sahu. Ya yi shekaru yana dakon goro da 'yan saye-saye har Allah ya hore masa mota guda, tsohuwar trotro, ya ba wani saurayi yana ɗaukar mutane daga Aboabo zuwa Kejetia. Ran nan da sassafe birki ya ƙi kamawa a gangare, motar ta hau wata yarinya 'yar dako, irin waɗanda a ke kira kayayo, tana ɗauke da kwanon kayan wata mata. Allah ya yi da sauran kwana, ba ta mutu ba, amma ƙafa ta karye wuri biyu, likita kuwa ya ce ita da ɗaukar kaya sai dai wata. Da 'yan sanda suka duba takardar inshorar motar, sai aka tarar ta jabu ce. Wani ne ya sayar masa a bakin tasha, rabin kuɗi.

Muka ce masa, "Baba, kai da mu ka sani da tsoron Allah, me ya kai ka?" Sai ya ce, "Malam, ai ni na ji malamai sun ce inshora haram ce. Na ce a raina, in dai don ɗan sanda ne kawai, gara in ba haram kaɗan da in ba ta da yawa."

Wannan amsa ta hana mu barci. Ba mugu ba ne ya faɗe ta, kuma mun sani ba shi kaɗai ke da wannan lissafi ba. Mu da mu ke karantarwa muna da rabo cikin laifin, domin mun saba jefa kalmar haram a taƙaice mu wuce, mu bar mai mota ya ƙarasa sauran da kansa. Sabo da haka muka ga ya kamata mu ɗauko maganar tun daga tushe.

Da fari dai a san abin da a ke magana a kansa. Inshora, wadda Larabawa su ke kira ta'amini, watau ka ba kamfani waɗansu kuɗi ƙayyadaddu a shekara, shi kuma ya yi alkawari in wata ɓarna ta auku cikin shekarar zai biya. Ta mota iri biyu ce waɗanda suka shafe mu. Akwai wadda Turawa su ke kira ta mutum na uku. Kai ne na ɗaya, kamfani na biyu, na ukun kuwa shi ne wanda ba ya nan sa'ad da kuka ƙulla: mai tafiya a ƙasa, da fasinjan da ya biya kuɗin mota ya zauna, da mai rumfar da aka rushe. In motarka ta ji masa ciwo, ko ta kashe shi, ko ta ɓata masa dukiya, kamfani ya biya shi ko magadansa. Kai motarka ko ta zama gwangwani ba a ba ka ko kwabo. Ɗayar kuwa ita ce mai game duka, wadda ta haɗa da gyaran motarka, da gobara, da sata, kuɗinta kuma sun fi yawa nesa. Ta farkon ita ce hukuma ta wajabta. A Ingila an yi dokar tun 1930, a nan Ghana kuwa aka yi tamu a 1958, shekara guda bayan samun mulkin kai, har yau kuma duk motar da ta hau hanya ba ita, mai ita ya yi laifi. Ta biyun ganin dama ce. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, don kusan dukan ruɗun da a ke yi daga haɗa su cikin buhu ɗaya ya ke.

Hujjar da muka fi ji a tasha ita ce ta tawakkali. Su kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, abin da Allah ya rubuta ba takardar kamfanin da za ta kankare shi. Gaskiya ne, ba mai musun wannan. Amma ba za mu daɗe a nan ba, domin mai faɗar haka hannunsa ya riga ya ba bakinsa amsa: ga safaya taya a bayan motarsa, da dare ya kulle ƙofa, wata ya ƙare ya biya mai gadi. Yaran makarantarmu duk sun san labarin mutumin da ya tambayi Annabi game da taguwarsa, ko ya ɗaure ta ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure tukuna kana ya dogara. Sun san Annabi Yusufu ya tara hatsin shekara bakwai sabo da yunwar da ba ta zo ba tukuna. Balle ma inshora ba ta ce za ta hana mota faɗuwa ba. Maganarta duk a kan bayan faɗuwa ne, wa zai ɗauki nauyi.

Hujjar malamai ita ce mai nauyi, ba kuwa za mu rage mata komai ba. Wanda aka sani ya fara taɓa wannan mas'ala cikin malaman fiƙihu shi ne Ibnu Abidina, Bahanafen Dimashƙa, wanda ya rasu a 1836. A zamaninsa 'yan kasuwa su kan yi hayar jirgin ruwa na Turawa, su biya kuɗin haya, sa'an nan su ƙara waɗansu kuɗi ga wani mutum dabam, bisa sharaɗin in kaya sun nutse ko sun ƙone ko an washe su, zai biya. Suna kiran wannan sukara. Shehin ya ga bai halatta ɗan kasuwa ya karɓi wannan biya ba in an ƙulla a ƙasar Musulmi, domin ɗora wa mutum abin da shari'a ba ta ɗora masa ba ne. Malaman da suka biyo baya suka ƙara da waɗansu aibobi. Babbansu shi ne garar, watau ciniki cikin duhu: ka ba da kuɗi, ba ka san ko za ka karɓi wani abu ba, ba ka san nawa ba, ba ka san yaushe ba, Annabi kuwa ya hana cinikin da ya ke haka. Sa'an nan suka ce kuɗi ne a ke musanyawa da kuɗi, kaɗan da mai yawa, da jinkiri a tsakani, wannan kuwa ƙofar riba ce wadda Allah ya haramta, bar ta cewa kamfanonin su kan zuba abin da suka tara inda zai haifi kuɗin ruwa. Waɗansu kuma suka ce ta yi kama da caca, domin samun ɗayanku hasarar ɗayan ne.

Ba duka aka taru a kan haka ba. A taron fiƙihu da aka yi a Dimashƙa a 1961, Shehu Mustafa Zarƙa ya tashi ya ce inshora halal ce, Shehu Muhammadu Abu Zahra na Masar ya tashi ya ja da shi. Zarƙa ya ce abin da mai mota ya ke saye shi ne kwanciyar rai, ya kuwa same ta tun ranar da ya biya, ko hatsari ya auku ko bai auku ba, kamar mai ɗaukar mai gadi, ba ya cewa kuɗinsa sun tafi banza don ɓarawo bai zo ba. Ya ce kuma duhun da a ke faɗa yana ga mutum guda ne, amma kamfanin da ya tara mutum dubbai ya san da lissafi kimanin nawa za su faɗi a shekara. Duk da haka, da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 1978, ta yanke cewa inshorar kasuwanci haram ce, ta taimakon juna kuwa halal, Zarƙa kaɗai ya saɓa. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta sake yanke irin wannan a Jidda a 1985. To, wanda ya ce wa mutuminmu malamai sun ce haram, bai yi musu ƙarya ba. Mafi yawansu haka suka ce.

Mu dai a namu ƙaramin sani, maganar caca ba ta zauna mana ba. Ɗan caca shi ke ƙirƙiro hatsarin da hannunsa, kafin ya zauna a tabarma ba abin da ke bin kuɗinsa, kuma yana fatan abin ya faɗo. Mai mota kuwa hatsarin yana nan tun ranar da taya ta taɓa kwalta, kuma kullum addu'arsa kada ya ga ranar da zai nemi kamfani. Amma maganar garar da ta kuɗin ruwa, waɗannan ba mu da bakin ture su.

To, a nan ne mu ke so mai karatu ya dakata. Duk wannan muhawara, tun daga jirgin Ibnu Abidina, tana duban mutum biyu ne, mai dukiya da kamfani, ko cinikinsu ya inganta ko ya ɓaci. Yarinyar nan mai kwano ba ta cikin zancen. Alhali kuwa littattafanmu ba su manta da ita ba, sai dai babinta dabam ne, can gaba wajen hukuncin jini, inda ɗalibai da yawa su kan gaji kafin su kai. Ibnu Abi Zaidi cikin Risala, wadda kusan kowane ɗalibi a zangon nan ya ɗauka gaban malaminsa, ya bayyana cewa in dabba tana tafiya a hannun mutum, ko yana kanta, ko yana gabanta da igiya, ko yana bayanta da sanda, ta taka wani, to lamunin yana wuyan mutumin. Abin da aka faɗa ga jaki da doki shi ne ga mota, har ma ya fi, domin jaki yana da nasa ra'ayi, mota kuwa ba ta zuwa sai inda aka juya ta. Majalisar nan ta ƙasashen Musulmi, da ta zauna a Burunai a 1993, ta tabbatar da haka: bin dokokin hanya wajibi ne, hatsarin mota kuma hukuncin rauni da kisa ya ke ɗauka, galibinsa na kuskure.

Kisan kuskure kuwa kowa ya san abin da ke cikinsa. Akwai kaffara, akwai diyya. Diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, watau fiye da kilo 4. Mu da mu ke zaune a ƙasar zinariya ba sai an gaya mana abin da kilo 4 ke nufi ba. Ƙafa guda in ta tafi, rabin wannan ne. Wane direban trotro ne, ko mai aboboya, ko ma mai gingimari uku, zai iya fid da wannan daga aljihunsa? Shari'a ta san ba zai iya ba, kuma ba ta yarda jinin mutum ya zube a banza don wanda ya zubar talaka ne ba. Sai ta ɗora diyyar kuskure a kan aƙila, watau dangin mutum ta wajen uba, a raba musu kowa gwargwadon ƙarfinsa, su biya cikin shekara 3. A mazhabarmu ta Maliku, abin da ya kai sulusin diyya aƙila ke ɗauka, abin da ya gaza haka mai laifin ya biya da kansa. A duba fa, ɗan baffanka yana barci a ɗakinsa, bai taɓa sitiyari ba, amma a zo a ce ya kawo rabonsa. Me ya sa? Domin yau kai ne, gobe shi ne.

Akwai kuma wani abu da ya kamata samari su sani. Da Sayyadina Umaru ya kafa diwani, watau littafin da aka rubuta sunayen mayaƙa da albashinsu, sai aka mai da diyya a kan waɗanda suna ya haɗa su cikin littafi ɗaya, ko da ba jini tsakaninsu, domin su ne yanzu masu taimakon juna. Shehu Halilu ma cikin Muhtasar ya gabatar da mutanen diwani a kan dangi, muddin ana ba su albashinsu. In mutum ba shi da ko ɗaya, baitulmali ya biya. Ashe abin da shari'a ta ke nema shi ne a sami jama'ar da za ta tsaya bayan mai kuskure, don wanda aka cuta ya sami hakkinsa.

Yanzu mu tambayi kanmu, mu mutanen zango, ina aƙilarmu? Kakanninmu sun biyo ayari daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno zuwa Salaga neman goro, da yaƙin Salaga ya tashi a 1892 suka watsu, waɗansu Karaci, waɗansu Yeji, waɗansu Kumasi da Ankara. Ga Mosi, ga Zabarmawa, ga Kotokoli, ga Wangara, ga Dagomba, kowa da hanyar da ta kawo shi. Yau ka ɗauki direba guda a tashar nan ka ce ya lissafa maka dangin ubansa, ya kai mutum goma ya tsaya, sauran suna wani gari wanda shi bai taɓa gani ba, su ma ba su san an haife shi ba. Diwani babu. Baitulmalin Musulmi babu, don ƙasar ba ta mu kaɗai ba ce. Abin da ya rage mana shi ne faranti a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Allah ya saka wa masu jefawa da alheri, amma mun ƙirga abin da faranti ya tara wa yarinyar nan da hannunmu, bai biya kwanan asibiti na mako biyu ba.

Kada kuwa wani ya ce abu ne mai wuyar aukuwa. A 2021 kaɗai mutanen da suka mutu a hanyoyin Ghana sun kusa 3,000. Waɗanda su ke bin hanyar arewa ba su manta da Kintampo ba, inda a watan Fabrairu na 2016 babbar motar fasinja ta yi karo da motar tumatir, mutum fiye da 50 suka rasu, a watan Maris na 2019 kuma waɗansu biyu suka sake yin karo a wannan yanki, aka yi hasarar rayuka kamar haka. Wane dangi ne, ko da a ce suna nan, za su ɗauki diyyar mutum 50?

Sabo da haka ga abin da muka gani, in mun yi daidai daga Allah ne, in mun yi kuskure malamai su gyara mana. Mai motar haya wanda ya sa mota a hanya, ya sani sarai in ta taka mutum ba shi da abin biya, ba shi da aƙila, sa'an nan ya ƙi bin hanya ɗaya tak da ta rage wadda za a biya mutumin, ya ce tawakkali ya ke yi, to da ƙafar wani ya ke yinsa. Mutum yana da ikon ya bar tasa dukiya ga Allah, ya ce in ta ƙone ta ƙone, wannan tsakaninsa ne da Ubangijinsa, wataƙila ma ya sami lada. Amma hakkin bawa ba ya faɗuwa don kai ka dogara. Inshorar mutum na uku kuwa, ko malaman da suka haramta inshora sun ce wanda hukuma ta tilasta wa babu zunubi a kansa in ya biya. Mu muna ƙarawa da cewa ko ba don tsoron ɗan sanda ba, buƙata ta kai, domin kuɗin nan in sun fito ba aljihunka su ke shiga ba, balle a ce ka ci kaɗan da mai yawa. Hannun maraya su ke zuwa, da gwauruwa, da mai ɗingishi. Aibin da ke cikin cinikin yana nan, ba mu ce ya tafi ba, amma in aka aza shi a ma'auni da jinin da zai tafi ba biya, mun san wanda zai rinjaya.

Mai game duka kuwa, wadda ke biyan motarka, nan saɓanin malamai ya ke tsaye da ƙafarsa. Wanda ya bar ta don tsentseni ya bi mafi yawan malamai, ya kyauta. Wanda kuma motar bashi ce a kansa, irin tsarin nan na yi aiki ka biya, in ta faɗi ya rasa mota ga bashi ga iyali, ya ɗauki fatawar su Zarƙa, ba mu iya ce masa fasiƙi. Ba za mu wuce nan ba.

Abin da ba saɓani a kansa ko kaɗan shi ne ƙarya, ita ce kuwa ta fi yawa a cikinmu. Takardar jabu ɗaya ce. Wata kuma ita ce mutum ya je kamfani ya ce motar shiga ce ta gida, don kuɗinta sun fi sauƙi, ya fito ya sa ta haya. Ko ya rubuta kujera 14 ya ɗauki mutum 19. Ko ya ba yaron mota tuƙi da dare alhali ba shi da lasin. Kuɗin inshorar motar haya sun fi na motar gida ne don ta fi daɗewa a hanya kuma ta fi ɗaukar rayuka, wanda ya ɓoye wannan ya ci amanar kamfani, ya kuma ba shi ƙofar jayayya ranar da abin ya auku, a bar wanda aka buge yana yawo tsakanin ofis da kotu. Mai gudun shubuha ya faɗa ƙarya da ha'inci, an gudu ba a tsira ba ke nan. Tun 2020 hukumar inshora ta ƙasa ta buɗe rumbun da a ke shigar da kowace mota mai inshora ta gaskiya, mutum na iya duba lambar mota da wayar hannunsa, sabo da haka uzurin "an cuce ni ban sani ba" ya ragu ƙwarai. 'Yan'uwanmu masu gingimari da ke ɗauko albasa daga Nijar, ko masu zuwa Wagadugu da Lome, su kuma akwai katin nan mai ruwan ƙasa wanda ƙasashen Afirka ta Yamma suka yi yarjejeniya a kansa a Kwatano a 1982, don in ka buge mutum a ƙasar da ba taka ba a sami mai biya. Baƙo a ƙasar wani ya fi kowa buƙatarsa, don can ko faranti babu.

Ba kuma muna wanke kamfanoni ba ne. Kowa a tasha yana da labarin wanda aka yi ta ce masa dawo gobe, kawo takardar 'yan sanda, kawo ta likita, har ya gaji ya bari. Talakan da bai iya Turanci ba shi ya fi shan wannan wahala. Nan ne samarinmu da suka yi boko za su yi aikin lada, su raka irin waɗannan mutane, su cika musu takardu, su tsaya har a biya. Akwai ma asusun da hukumar inshora ta ajiye domin wanda motar da ba inshora ta buge, ko wanda aka buge aka gudu, amma mutum nawa a zango suka taɓa jin labarinsa?

Wani gargaɗi kuma ga wanda ya biya ta gaskiya, kada ya ɗauka ya sayi lasin ganganci. Kamfani zai biya kuɗi, amma ba zai yi maka azumin wata biyu a jere na kaffara ba, wannan yana wuyan wanda ya kashe. Ba zai je gaisuwar mutuwa a madadinka ba, ba zai durƙusa gaban uwar yaro ya nemi gafara ba. Mun ga masu mota waɗanda da an ce hatsari sai su ce ai akwai inshora, ko asibiti ba sa leƙawa. Kai kuma mai mota, da ka ƙayyade wa direba kuɗin da zai kawo maka kowace rana, ko kasuwa ta ci ko ba ta ci ba, har ya zama ba ya barci, yana tsere da 'yan'uwansa don fasinja guda, ya ce maka birki ya yi sanyi ka ce a bari sai Asabar, kada ka zaci hannunka ba jini don ba kai ke kan sitiyari ba. Mai sababi yana da nasa rabo. Mutuminmu ma daga baya ya faɗa mana yaron ya yi masa maganar birkin sau biyu.

Saura hanyar da malamai duka suka yarda da ita, watau taimakon juna. Annabi ya yabi Ash'ariyawa domin in abincinsu ya yi ƙaranci su kan tara abin da kowa ke da shi wuri ɗaya su raba daidai, ba mai cewa ni na kawo mudu biyu. Malaminmu Ƙarafi, Bamalike, ya bayyana cewa duhun da ke ɓata ciniki ba ya ɓata kyauta, domin mai kyauta ba ramuwa ya ke jira ba. A kan wannan aka gina abin da a ke kira takaful: kowa ya zuba da niyyar taimako, asusun na masu zubawa ne, mai kula da shi ladan aikinsa kawai ya ke ɗauka, ba a sa kuɗin inda za su haifi ruwa, abin da ya yi saura kuma nasu ne. A Sudan aka fara kafa irin wannan kamfani a 1979, Malesiya ta yi masa doka a 1984, Nijeriya ma ta ba waɗansu izni a 2016. Mu a zango ba baƙon abu ba ne gare mu. Iyayenmu mata suna adashi, ana zubin biki, ana zubin mutuwa. Direbobin tasha guda sunansu yana cikin littafi ɗaya, suna biyan kuɗin lodi kullum, to wannan in ba diwani ba mene ne?

Asusun tasha ba zai tsaya a madadin takardar da doka ta ce ba, kada wani ya fahimce mu a karkace. Amma zai ɗauki abin da takardar ba ta ɗauka: kuɗin asibiti na daren farko kafin kamfani ya motsa, abincin iyalin direba yana kwance, da gyaran motar wanda ya bar mai game duka don tsoron Allah. Muna roƙon Sarkin Zango da limamai da shugabannin tasha su zauna a kan wannan, a sa mutum biyu amintattu da littafi, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a, domin mun san abin da ya kashe asusai da yawa a garin nan. A kuma sa sharaɗi, ba mai shiga sai an duba takardarsa an ga ta gaskiya ce.

Mutuminmu ya sayar da motar. Bayan ya biya tara da asibiti, abin da ya rage ya ɗaure cikin leda ya kai wa yayar yarinyar, ta karɓa ba ta ce komai ba, kwana uku aka sa ta a motar arewa da sanda. Shi ya koma dakon goro. Ɗansa yana nan makaranta, mun ɗauke masa kuɗin Laraba. Makon jiya ya sake zuwa ya tambaye mu ko abin da ya bayar ya sauke masa nauyi, muka buɗe babin muka lissafa tare, bai kai ko ushirin abin da ke kansa ba. Ya ce zai riƙa aika mata da abin da ya samu duk wata, muna neman wanda ya san ƙauyensu cikin masu karanta wannan takarda ya zo makaranta ya same mu.